Kafin Ki Kai Fuskarki Gyara: Mai, Allura, Zare Ko Wuƙa?

A wajen wani kamu da aka yi a Tumfure kwanakin baya, hirar da ta fi ta amarya tashi ita ce ta goshin wata Hajiya da ta dawo daga Abuja. Ta haura hamsin, amma goshin nan sumul kamar an bi shi da dutsen guga. Kafin a watse mata uku sun ja ta gefe suna neman kwatancen wurin. Da muka fito yayata ta ce da ni, "Ke da kike bibiyar irin waɗannan abubuwa, wanne ya kamata in yi?" Na ce, "Yaya, me ke damunki a fuskar tukuna?" Ta ce, "Tsufa mana."

Matsalar ke nan. Abin da muke kira tsufan fuska abu huɗu ne daban-daban, kuma kowanne da maganinsa. Akwai sauyin launi, wato tabo da baƙi-baƙi da dusashewa. Akwai tamoji, layukan da ɗaure fuska da dariya ke bari a goshi da gefen ido. Akwai faɗawa, inda kitsen kumatu da na ƙarƙashin ido ya ragu har fuska ta yi rami. Sai kuma saki, inda fatar kunci da ta wuya ta zubo ƙasa. Wadda ta sayi maganin tamoji alhali saki ke damunta, ta yi asarar kuɗinta ko da a hannun gwanin likita ne. Don haka ki tsaya gaban madubi da safe kusa da taga, babu hoda babu fitilar waya, ki tantance wanne ne naki.

Tushen abin shi ne kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta yi tauri. Daga shekara 20 da 'yan kai yake fara raguwa, kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara, kuma mace na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Rana da sigari da shisha na ƙara masa gudu. Mu masu baƙar fata Allah Ya yi mana rangwame ta wani gefen: tamoji ba ya kama mu da wuri kamar Turawa. Amma ta ɗaya gefen fatarmu ba ta mantuwa. Ƙuna kaɗan ko ƙurji ɗaya sai ya bar tabon da zai yi wata shida, wasu kuma ko hujin kunne ne sai ya zame musu tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira kiloyid. Duk zaɓin da za ki yi, da wannan za ki auna shi, ba da hoton wata Baturiya a Instagram ba.

Zan daɗe a kan maganar launi, domin a ganina yawancin matan Gombe da ke kukan sun tsufa ba tsufa ba ne, aikin man bilicin ne. Haɗin da ake sayarwa a roba babu suna babu lamba yawanci yana ɗauke da sinadarin hasken fata na haidrokwinon mai yawa, ko sitiroyid irin su clobetasol, wani lokaci har da makuri. Sitiroyid na sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, haidrokwinon kuma idan aka daɗe ana shafawa sai ya juye ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, irin wanda ke da wuyar fita ƙwarai. Hukumar NAFDAC ta haramta makuri da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma hana haidrokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100, amma ki zaga babbar kasuwa ki ga abin da ke kan tebura. Wadda ke shafa irin wannan, babu allura ko na'urar da za ta amfane ta sai ta daina. Kuma kada ta yanke sitiroyid rana ɗaya, fuska na iya yin bore da ƙuraje da ƙaiƙayi. Likitan fata ne zai janye ta a hankali.

Abu mafi araha a jerin nan shi ne kuma wanda aka fi tabbatar da amfaninsa: man kare rana mai lamba SPF 30 ko sama kowace safiya, da tretinoin da dare. Tretinoin magani ne, ba man kwalliya ba. An fara amfani da shi a Amurka a 1971 don ƙurajen fuska, daga baya a 1995 aka amince da shi don ƙananan tamoji. Ana ɗiban kamar ƙwayar wake ɗaya a shafe duk fuska, a fara da dare biyu ko uku a mako. Makonnin farko fata za ta bushe ta yi saɓa, shi ya sa ban so mace ta fara shi a tsakiyar hunturu. Idan kuma ta fara, ta riƙa bin sa da man kaɗanya ko wani mai mai laushi. Sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin canji, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi. Aibinsa ɗaya, yana son haƙuri, mu kuwa mun fi son abin da za a yi yau a gani gobe. Dilka da halawa da kurkum na masu gyaran jiki suna sa fata sheƙi da santsi na 'yan kwanaki, ban raina su ba, amma ba sa kaiwa inda kolajin yake.

Mataki na gaba shi ne sale saman fata da ruwan asid, ko na'urar leza, ko ƙananan allurai da ake gurzawa. Ruwan asid mai sauƙi irin na glycolic ko salicylic yana rage tabo idan aka maimaita sau huɗu zuwa shida. Mai zurfi irin na phenol ba na fatarmu ba ne sam. A leza ma haka: ta CO2 tana iya barin baƙin da ya fi wanda kika je cirewa, wadda ta fi dacewa da baƙar fata ita ce Nd:YAG mai lamba 1064. Idan mai wurin bai san sunan na'urar da ke ɗakinsa ba, ki ɗauki jakarki. Akwai kuma wanda ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa a fuska. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2024 cewa mata uku sun kamu da cutar HIV ta wannan hanya a wani shagon kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico. Duk abin da ya haɗa da jini da allura, wurin likita ne, ba bayan shagon kitso ba.

Goshin Hajiyar can kuwa aikin Botox ne. Guba ce da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa, aka tace ta, ake sa ɗigo kaɗan a naman da ke tattare fata don ya huta. Amurka ta amince da ita don layin tsakanin gira a 2002. Tana fara aiki cikin kwana uku zuwa bakwai, ta yi wata uku ko huɗu, sannan komai ya koma yadda yake. Tana maganin tamoji irin na goshi da na gefen ido; ba ta cike rami, ba ta ɗaga kuncin da ya saki. Idan hannu ya kuskure, fatar ido na iya sauka ta yi makonni a haka. Abin da ya fi damuna a garinmu shi ne ajiya: maganin yana son firij mai sanyin digiri 2 zuwa 8, ga yanayin wutarmu, ga zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40. Ga kuma jabu, wanda ko a Amurka ya kwantar da mutane a asibiti a 2024. Ki ce a buɗe kwalbar a gabanki, ki ga suna da ranar lalacewa. Wadda ake yi wa talla a WhatsApp da rabin kuɗi, a zo har gida a yi miki, araha ce da ba ta ado.

Allurar ciko, wadda ake kira fila, ita ce ta masu faɗawar kumatu da ramin ƙarƙashin ido da layin da ya sauko daga hanci zuwa baki. Mafi yawa ana yin ta da sinadarin hyaluronic, irin su Juvederm da Restylane, tana kai wata 6 zuwa 18. Sirinji ɗaya mililita 1 ne, kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, don haka kada ki yi mamaki idan aka ce kina buƙatar biyu ko uku, kuma kowanne da kuɗinsa. Falalar wannan nau'in ita ce akwai allurar hyaluronidase da ke narkar da shi idan bai yi kyau ba. Ruwan silikon da sauran ciko na dindindin ba su da wannan mafita, ki guje su ko kyauta ne. Haɗarin fila ya fi na Botox: idan ya shiga jijiyar jini, fatar wurin na iya mutuwa, a kusa da hanci da tsakanin gira kuma har makanta yana jawowa. Ba ya yawan faruwa, amma a nan karin maganar garin neman gira a rasa ido ta daina zama karin magana. Ana ceto fata ne cikin sa'o'i, ba kwanaki ba. Tunda yawancin masu wannan aiki suna Abuja da Legas, kada a yi miki da safe ki kama hanyar Gombe da rana, tafiyar da ke cin kusan yini a mota. Ki kwana biyu ko uku kusa da wanda ya yi, kuma tun kafin ya taɓa ki ki tambaye shi ko yana da allurar narkarwa a ɗakin. Wani abin da ba a cika faɗa ba: wata faɗawar kumatun rashin turamen haƙori ne, likitan haƙori take buƙata.

Zaren ɗaga fuska da na'urorin zafi irin su Ultherapy da Thermage ana tallata su a matsayin tiyata ba wuƙa. Zaren PDO, wanda ake cusawa ƙarƙashin fata, yana narkewa cikin kamar wata shida, ɗagawar ba ta da yawa kuma ba ta cika wuce shekara ba. Ga mai sakin da bai yi nisa ba za su iya ɗan taimakawa. Ni dai idan kuɗina ne, nan ne ba zan kai su ba.

Fatar da ta riga ta zubo a muƙamuƙi da wuya, tiyata ce kaɗai ke mayar da ita da gaske. Ana yanka ta gefen gashi a zagayo gaban kunne zuwa bayansa, a ɗaga shimfiɗar nama da ke ƙarƙashin fata a ɗaure ta sama, a yanke rarar fatar. Aikin na ɗaukar sa'o'i, kumburi da taruwar jini na yin mako biyu zuwa uku, sakamakon kuma yana kai kimanin shekara 10. Matsalar da ta fi yawan biyo baya ita ce jini ya taru ƙarƙashin fata, kuma hawan jini ne babban mai jawo ta. Akwai yiwuwar a taɓa jijiyar da ke motsa fuska. Mai ciwon suga da mai sikila da mai shan aspirin dole likita ya sani tun farko, mai shan sigari kuma sai ta daina makonni kafin aiki. Wadda hujin kunne ya taɓa yi mata kiloyid ta yi tunani sau biyu, don yankan a bakin kunnen yake. Kwanakin farko za a hana ki sunkuyar da kai, wato sallah a zaune, kuma ɗaurin ɗankwali mai matse kunne sai ya jira. Tiyatar fatar ido ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: sau da yawa allurar kashe zafi ta wadatar, a cire zare cikin mako guda, kuma idan fatar ta sauko har tana tare gani, ta zama magani ba kwalliya ba.

Wannan bambanci na da nauyi a addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara lahani kamar ƙuna da tabon haɗari da leɓen da aka haifa a tsage, amma ta ce bai halatta a cire tamoji da tiyata ko allura ba sai in larurar rashin lafiya ce, kuma an aminta daga cutarwa. Akwai malaman da suka sassauta a kan abin da ba ya dawwama. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin ainihin abin da za a yi, kafin ki biya kuɗi, ba bayan an gama ba.

Wajen lissafin kuɗi, kada ki tsaya a farashin zama ɗaya. Botox sau uku a shekara, cikin shekara 10 zama 30 ke nan, kowanne da kuɗin mota ko jirgi da masauki, kuma magungunan da dala ake shigo da su. Tiyata kuwa biya ɗaya ne mai nauyi. A Amurka ladan likita kaɗai ya haura dala 10,000, ban da asibiti da maganin barci. Inshorar lafiya ba ta biyan aikin kwalliya. Masu zuwa Turkiyya ko Masar ko Indiya su tambayi kansu wa zai duba su idan ɗinki ya ruɓe bayan sun dawo. Fita waje ba lamuni ba ne: Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a Sifaniya a Oktoban 2005 bayan tiyatar rage kitse.

Abin da kike saye a gaskiya hannun mai yi ne. Ya zama likita mai rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, mai lasisin bana. Idan yanka ne, ya zama ƙwararren likitan tiyatar gyara mai shaidar ƙwarewa a tiyata ta FWACS ko FMCS, kuma za ki iya bincikar ko ɗan NAPRAS ne, ƙungiyar likitocin tiyatar gyara ta Najeriya. Takardar kwas ɗin mako biyu a Dubai da aka rataye a bango ba ta cikin waɗannan. Ki nemi ganin hotunan masu irin launinki da ya yi wa aiki, na bayan wata shida, ba na ranar da aka gama ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: in bikin 'yarki ake shiryawa, allura ta riga shi da aƙalla wata guda, tiyata da wata uku ko fiye.

Yayata dai na ce ta fara yankar kati a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ta nemi ganin likitan fata. 'Yan Bauchi kuma ga na Abubakar Tafawa Balewa. Na kuma ce ta tafi da duk robobin da ke kan madubinta a leda, har da haɗin nan marar suna da take ɓoyewa a bayan turare.