Manhajar Littafi Mai Tsarki mai murya, abin da na gani bayan wata biyu

Wata biyu ke nan da na sauke wannan manhaja a wayata, gaskiya ban yi da-na-sani ba. Muryar mai karatun a natse take, ba ya gaggawa, kuma in ka sauke sura tana aiki ko babu data.

Abin da ya fi kama ni shi ne wani tsarin karatu da ke cikinta kan tuba. Ranar da aka binne wani abokin aikina, mutumin da muka rabu lafiya lau da yamma, na dawo na sa iyafis sai ga Luka 13, inda Yesu ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba wai sun fi sauran zunubi ba ne, kowa ya tuba kawai. Kai, sai da na tsayar na yi shiru. Washegari kuma Yakubu 4:14, rai kamar hazo.

Matsalolinta biyu, notifikeshan ya yi yawa, har tsakar dare yana ƙara, kuma tana shan batir. Na kashe notifikeshan ɗin a setin. Tauraro 4 na ba su.