Libarba da fistol a filin horo: wacce ta fi kai harsashi inda aka nufa?

Gardamar nan ba ta ƙarewa tsakanin masu kaki a Damagaram. Tsofaffin jandarmomi na cewa libarba ba ta ƙarya, yaran da suka fito horo kwanan nan na cewa zamaninta ya wuce. Na harba duka biyun a filin horo, daga mita 10 zuwa 25: libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa ɗauke da harsasai, mai bututun santimita 10 da harsashin .38 Special, da fistol, wadda harsasanta ke cikin sharja, mai cin 9mm. Hukuncina shi ne, idan bindigogin biyu suna da lafiya, ƙarfen ba shi ne ke raba su ba. Kunama ce ke raba su, da yatsan da ke janta. Maganar kuwa ta masu izini ce, jami'an tsaro da wanda hukuma ta ba takarda, domin a Nijar riƙe ƙaramar bindiga ba da izini ba laifi ne.

A fara da lissafin da ke bayyana komai. Tazarar da ke tsakanin tsinin saiti na gaba da tsagar saiti ta baya kusan santimita 15 ce a libarba irin wannan, a fistol ɗin Glock 17 kuma kusan 16 da rabi. Idan tsinin ya goce da milimita 1 kacal a lokacin da harsashi ke fita, a mita 10 za ka kauce da kusan santimita 7, a mita 25 kuma da kusan 17. Baƙin da'irar allon gasar mita 25 faɗinsa santimita 20 ne, zoben maki goma kuwa santimita 5. Wato motsin da ido ba ya ma kamawa ya isa ya fitar da kai daga baƙin gaba ɗaya. Duk abin da ke girgiza bindiga a daidai wannan ƙiftawar shi ne abokin gaba, kuma babbansu jan kunama ne.

Libarba tana da hanya biyu. Idan ka ɗana gudumar baya da babban yatsa, kunamar takan saki da nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ba tare da wata tafiya ba. A nan babu fistol ɗin aiki da na ga ya kamo ta. Bututunta a kafe yake jikin bindigar, saitin ma a kansa yake, babu abin da ke motsi sai guduma. Wanda ya tsaya da natsuwa, ya saki numfashi rabi, ya matsa a hankali, zai ga ramukan harsashi sun taru a kan allo. Ba banza ba GIGN, rundunar jandarmomi ta musamman ta Faransa, ta daɗe tana riƙe da libarbar Manurhin MR 73, wadda aka fara ƙerawa a 1973.

Amma wa zai ba ka lokacin ɗana guduma a bakin aiki? Hanya ta biyu ita ce ta gaskiya: yatsa shi kaɗai zai juya ganga, ya ɗaga guduma, ya sake ta. Nauyin ya koma kilo biyar ko sama, tafiyar kunamar ta wuce santimita ɗaya. Ka tuna bindigar kanta, irin Smith & Wesson Model 10, ba ta cika kilo ɗaya ba. Kana jan abin da ya ninka nauyinta sau biyar, kana kuma son kada ta motsa. Na-dama da ya sa kan yatsa kawai, yakan ture bakin zuwa hagu. Wanda ya zurma yatsa da yawa yakan fizgo shi dama. Abin da ke aiki shi ne a ɗora kunamar a gaɓar farko ta yatsa, a kama mariƙi can sama, a ja kai tsaye zuwa baya a tafiya ɗaya, ba tsayawa a tsakiya. Masu tsayawa a rabin hanya su gyara saiti sannan su fizga, su ne harsashinsu ke cin ƙasa. Bayan harbi kuma sai an saki kunamar ta koma gaba ɗungurungum. Wanda ya sake ta rabi ya ja, ko ganga ta tsallake rami ko kunamar ta cije.

Fistol irin Glock 17, wadda ta fito daga Ostiriya a 1982, kunamarta kusan kilo biyu da rabi ce, kuma haka take daga harsashi na farko har na 17. Wannan daidaiton shi ne sirrinta. Bututunta ya fi kusa da hannu, marfin sama mai zamewa da sifirinsa suna shanye wani ɓangare na dukan, saboda haka saiti yakan dawo kan allo da wuri. Idan aka ce harbi biyar cikin ƴan daƙiƙu a mita 10 ko 15, mafi yawan mutane za su fi tara ramuka da ita fiye da libarba, kuma ni ma a nan nake ba ta maki. Gaskiya ne bututunta yana ɗan sunkuyawa ya koma mazauninsa a kowane harbi, kuma a takarda wannan na rage daidaito, amma ragin ya yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka gwada shi da karkarwar hannun ɗan Adam.

Fistol ɗin Beretta 92 da ire-irenta suna da nasu hali: jan farko mai nauyi ne kamar na libarba, na biyu zuwa na 15 marasa nauyi. Shi ya sa za ka ga allo da ramuka a dunƙule, ɗaya can gefe shi kaɗai. Na farkon ne. Wanda aka ba irin wannan, ya riƙa sauke guduma yana maimaita harbi biyu-biyu har yatsa ya saba da canjin.

Cutar da ta fi kama masu fistol ita ce tsoron ƙara. Hannu yakan duƙar da bakin bindiga kafin harsashi ya fita, sai na-dama ya ga ramukansa ƙasa ta hagu, ya rantse saitin ne ya karkace. A nan libarba take zama malamar da ba ta da na biyu. Mai horarwa ya sa harsasai uku ko huɗu cikin ramuka shida, ya rufe gangar ba tare da ɗalibi ya gani ba. Da guduma ta faɗa kan ramin da babu komai, kowa a wurin zai ga bakin bindigar ya yi sujada, shi ma mai harbin zai gani, gardama ta ƙare. A fistol sai an sami harsashin roba na horo an cakuɗa cikin sharja, abin da ba kullum ake samu ba. Wanda ya iya jan kunamar libarba mai nauyi ba tare da tsinin gaba ya motsa ba, duk fistol ɗin da aka miƙa masa wasa ne. Akasin haka ba ya yiwuwa da sauƙi.

Sai yanayinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, kuma yawan mai shi ke kashe fistol: mai ya haɗu da rairayi ya zama kamar tabo a hanyar marfin sama, kwanso ya maƙale a baki. Ɗigo ɗaya a kowace hanya ya isa, cikin sharja kuwa a bar shi a bushe, a riƙa warware shi ana gogewa. Sakin wuyan hannu ma na jawo wannan maƙalewar, domin marfin na bukatar hannu mai tauri da zai dogara da shi. Masu cewa libarba ba ta cijewa su ma ba su faɗi duka ba. Ƙwayar rairayi ko albarushin da bai ƙone ba, idan ya shiga ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso, gangar takan yi nauyi ko ta ƙi rufuwa, kuma ba a gyara wannan cikin daƙiƙa biyu kamar na fistol. Maganinsa a ɗaga bakin sama sosai lokacin zubar da kwanso, a kuma ajiye tsohon buroshin haƙori cikin jaka. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi na sa mariƙin katako mai santsi ya riƙa juyawa a tafi, ramuka su watse. Rana kuma idan ta bugi tsinin gaba ta gefe ɗaya, ƙyallin kan ja dunƙulen ramukan gefe. A baƙanta tsinin da hayaƙin ashana.

Tsohuwar libarba a duba ta kafin a zargi kai. A tabbatar babu harsashi, a ɗana guduma a hankali a kan kowane rami, gangar ta kulle kafin gudumar ta kai ƙarshe. Idan ba ta kulle ba, harsashi zai riƙa goga gefen bututu, ɓarɓashin darma na fita ta gefe. Ratar da ke tsakanin ganga da bututu tsakanin milimita 0.1 da 0.2 take, kuma wuta na fita ta nan da ƙarfin da zai tsaga fata, don haka babban yatsan hagu kada ya je wurin. Mai fistol shi kuma kada ya sa yatsa a bayan marfi.

Wanda ke son ya gwada kansa da adalci, ya fara ɗora hannu a buhun yashi a mita 15, harbi biyar-biyar, ya auna tsakanin ramuka biyu mafi nisa. Wannan ne iyawar bindigar. Sannan ya tsaya da hannu biyu, sannan a sa masa lokaci. Kuma kada ya cakuɗa harsasai. Saitin Model 10 an daidaita shi ne da harsashi mai nauyin giram 10. Mai sauƙi da sauri yakan sauka ƙasa da inda aka nufa, domin yana barin bututu kafin bakin ya ɗaga. Libarbar .357 Magnum tana cin .38 Special lafiya lau, kuma da shi ya kamata sabon hannu ya fara, amma a wanke ramukan ganga bayan haka, don gajeren kwanson yakan bar zoben dauɗa da ke hana dogon shiga.