Como, Garda ko Maggiore: Wane Tafki Ya Fi Dacewa da Mai Mota?

Duk wanda ya sauka a Milan ya ɗauki hayar mota don zagaya tafkunan da ke gindin duwatsun Alps a arewacin Italiya, uku za a lissafa masa: Como, Garda da Maggiore. Kowanne yana da jirgin fito mai ɗaukar mota, kuma hukumar gwamnati ɗaya ce ke tafiyar da jiragen duka. Amma ga mai riƙe da sitiyari, ba ɗaya suke ba. Ni dai Maggiore nake cewa a je.

Como ya fi suna, jirginsa na haɗa Bellagio, Varenna, Menaggio da Cadenabbia, sai dai hanyar gaɓar yamma ƙunci gare ta. Bas na tahowa sai ka manne da katanga kana fargabar madubin gefe. Garda shi ne mafi girma a ƙasar, amma da rani cunkoson wajen Sirmione zai cinye maka yini.

Maggiore kuwa, gindinsa na kusa da filin jirgin Malpensa, ba sai ka kutsa cikin Milan ba. Tsawonsa ya kai kilomita 65, kansa yana cikin Suwizalan. Ka bi gaɓar yamma daga Arona zuwa Stresa, ka ajiye mota ka shiga ƙaramin jirgi zuwa tsibiran Borromeo, ka ga lambun Isola Bella da lungunan Isola dei Pescatori. Ka dawo ka ɗauki motarka sai Intra, inda jirgin fito ke ƙetarawa zuwa Laveno cikin kamar minti 20, rani da hunturu. Tikiti a taga ake saye, kuɗin ya danganta da tsawon motarka. Ka shiga layi, ma'aikaci ya yafito ka da hannu har ka kusa taɓa motar gabanka, ka ja birkin hannu, ka fito ka hau sama. A tsakiyar ruwa ne za ka ga duwatsun sun kewaye ka ta ko'ina, abin da mai bin gefen hanya ba ya samu. Da ka sauka, kada ka wuce Santa Caterina del Sasso, tsohon wurin ibadar da aka gina a jikin dutse dab da saman ruwa.

Dalilin da ya sa faɗin hanya ya zama ma'aunina na farko shi ne kwarzane. Wani kamfanin haya ya taɓa zare mini kuɗi masu yawa daga ajiyar da ya riƙe a katina, kan wani ɗan zane a ƙasan bamba da na tabbata da shi na karɓi motar. Don haka kafin ka tayar da mota, ka zagaya ta da bidiyo, har tayoyi da rufi da gilashi, a gaban ma'aikacinsu, ka sa ya rubuta kowane tabo a takarda. Ranar mayarwa ma ka karɓi shaidar cewa lafiya ka dawo da ita. Ka ɗauki ƙaramar mota, ko da sun ce za su ƙara maka babba kyauta.

Sai ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci. Alamarsa farin allo ne zagayayye mai jan baki a mashigar tsoffin unguwanni, da kyamara a samansa. Idan ka shiga ba izini, ba mai tsayar da kai. Tarar ce za ta biyo ka gida, doka ta ba su har kwana 360 ga mazaunin waje, kamfanin haya kuma ya ɗora nasa kuɗin.

Intanet ma cike take da 'yan damfara. Akwai shafukan da ke sayar da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa na bogi cikin mintuna. Naka ka nema a wurin hukumar da ƙasarka ta amince da ita, ka haɗa da lasisinka na gida. Idan za ka hau manyan hanyoyin Suwizalan bayan Locarno, izinin hanya faran 40 ne (kuɗin Suwizalan) a hukumance, rashinsa tarar faran 200, amma wasu shafuka na kwaikwayon na gwamnati su tsuga ƙari. A Stresa kuma masu jiragen kansu na tarar baƙo tun daga wurin ajiye motoci. Sana'arsu halal ce, amma tikitinsu ba ya aiki a jirgin gwamnati, don haka ka tambayi na wa kake saye da lokacin jirgin ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi.