Maigida, ga amsar maganar baƙin man nan daga Texas

Assalamu alaikum maigida, ya gareji ya yara, ya zafin Kano. Na ji saƙon da kuka bar min kan babbar motar DAF ɗin Alhajin nan, wai in faɗa muku wane baƙin mai Turawa suke zubawa manyan motoci. To bari in baku labarin yadda na tarar.

Inda nake aiki a Houston wajen dillalin manyan motoci ne, su sayar da motar su kuma yi mata sabis. Satin farko wlh kunya na sha, an kawo tirela juye, na ɗebo man na murza a yatsa kamar yadda kuka koya mana, na ji shi tsululu kamar ruwa na ce wannan ai ba zai riƙe injin ba. Ashe 10W-30 ne, wato lambar kaurin man kenan, kuma shi kamfanin ya rubuta. A nan ba wanda yake murza mai a yatsa, lambar mota za ka saka a kwamfuta ta faɗa maka irin man da yawansa, in ka zuba wani daban injin ya buga to garanti ya tashi, kai ma aikinka yana rawa.

Sababbin injinan nasu tsakanin kiranshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai a matse yake sosai, mai kauri baya saurin hawa sama da safe, kuma a wannan ɗan lokacin ne injin yake cin kansa. Sannan tun 2007 motocinsu suna da wata matata a salansa mai kama baƙin hayaƙi, DPF suke ce mata, man da yake da toka da yawa toshe ta yake yi, kuɗin sabuwa kuwa sai mai mota ya riƙe kai. Shi yasa abin dubawa a jikin jarka haruffan API ne, wato ƙungiyar harkar mai ta Amurka da take ba baƙin mai aji. A Disamba 2016 suka fito da ajin CK-4 da FA-4. Maigida don Allah ko wani ya kawo muku FA-4 yana cewa ɗan Amurka ne kar ku zuba a tsohon injin, na sababbi ne, kuma sai da gas irin nasu wanda sulfa ɗinsa bai wuce 15 ppm ba, wato kashi 15 cikin miliyan. Namu gas ɗin kun san yadda yake, balle na bumburutu.

Shell Rotella, Mobil Delvac, Chevron Delo, su ukun nan ne suka cika kanti, har Walmart za ka shiga ka ɗauka hankalinka kwance ba tunanin jabu. Wannan kam sun fi mu. Akwai tirelar da take yin mil 50,000 kafin juye, kusan kilomita 80,000 kenan, amma fa sai an ɗebi man a 'yar kwalba an tura lab sun duba ko akwai garin ƙarfe ko ruwan lagireto a ciki.

Abin da ban so a nan, kayan aiki kai za ka saya da kuɗinka, kuma biyan na awa ne da littafi ya yanke, in littafi ya ce awa 2 ka yi 4 to 2 za a biya ka. Gyara kuma ba sa yi sosai, canji ne kawai. Abin da za ku zauna ku farfaɗo da shi a Ƙofar Ruwa su bola suke jefawa, raina yana ɓaci duk ranar da na gani.

DAF ɗin Alhaji dai ku tsaya a 15W-40 na gas, CI-4 ko sama, ku saya wajen dila na gaskiya ba na durom da ake aunawa a bakin titi ba. Kar ku kwaikwayi nisan juyensu, motar da take bin hanyar Maiduguri cikin ƙurar hunturu da lodi fiye da ƙima ba ɗaya take da tasu ba. Duk juye a canza filta, a duba ta iska ma. Ku turo min hoton lambar injin in duba muku a kwamfutar wajen aiki. A gaida Hajiya.