Asibitin "gyaran homon" da na je a Kano: likitar ta ci kuɗinta, takardar gwaje-gwajen kuwa a ajiye ta

Wannan bayani ne a kan wani asibitin mata mai zaman kansa a nan Kano, irin masu talla a Instagram da sunan gyaran homon (sinadaran da ke kai saƙo a jiki ta cikin jini) ga matan aure. Ba zan kama suna ba, don akwai yabo akwai ƙorafi. Ni malamar bayoloji ce a sakandare, ina shayar da ɗana na uku, kuma tun da na yi arba'in sha'awa ta ɗauke min ɗif, ga bushewar gaba, ga zafi in maigida ya neme ni. Gumba, tsumi, tukuɗin Agadas, goron Tula, babu wanda Yayata ba ta aiko min ba. Ita tana rantsuwa suna yi mata aiki. Ni ban da ƙiba ban ga komai ba, alhali ciki ɗaya muka fito. Shi ya sa da na ga suna cewa za su duba homon har da ƙwayoyin gado, na shirya na tafi.

Wurin tsaf yake, da sanyin iya kwandishan, kuma daga mai yankar kati har mai ɗaukar jini mata ne. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar wa da yawanmu hankali. Sai dai yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ba ta san sirri ba. Da ƙarfi ta ce min, "Hajiya, me ke tafe da ke?" ga mata zazzaune, har da mahaifiyar wata ɗalibata. Na ce likita nake son gani. Ta miƙo min wata takarda mai leda da aka jera tsarin gwaji kala uku. Babban cikinsu shi ne wanda za a ɗebi yawu a tura waje a duba DNA, kuɗinsa ya haura albashina na wata biyu. Ta nace in zaɓa in biya kafin in shiga. Na biya kuɗin ganin likita kawai, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan.

Likitar babbar mace ce, mai magana a hankali. Ta rufe ƙofa, ta kifa wayarta a kan tebur. Ta fara da wata takardar tambayoyi 19 da ake kira FSFI, wadda aka fitar a Amurka a shekarar 2000, tana auna sha'awa, motsuwa, ni'ima, kaiwa ga biyan buƙata, gamsuwa da kuma zafi. Da Turanci take, kuma ba su da ta Hausa, don haka wadda ba ta yi boko ba sai nas ta zauna tana fassara mata irin waɗannan tambayoyi baki da baki. Ya kamata su gyara wannan. Daga nan ta shiga tambayata: shayarwa, wace hanyar tazarar haihuwa nake bi, barcin awa nawa nake samu, me nake matsawa a gaba, yaya zamanmu da Abban yara. Babu dariya, babu wa'azi.

Da na kawo maganar gwajin yawun, sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Malama, tunda ke mai koyar da abin ce, bari mu yi ta dalla-dalla." A nan muka fi daɗewa, kuma a nan na ga kuɗina bai tafi a banza ba.

Homon ba ya aiki shi kaɗai. Sai ya samu makarɓinsa a cikin ƙwayar halitta sannan saƙon ya isa. Kamar gidan rediyo ne da ke watsa shiri da ƙarfi ɗaya, akwatin wani ya kama tas, na maƙwabcinsa sai shuuu. Makarɓan nan gadonsu ake yi, kuma suna ɗan bambanta daga mace zuwa mace. Na istirojin, homon ɗin mata, iri biyu ne: ƙwayar gadon ɗaya, ESR1, tana kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 6, ta biyun, ESR2, tana kan na 14, kuma sai a 1996 masana a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano akwai na biyun. Na testostiron, homon ɗin maza, wanda mata ma suna da shi kaɗan, yana kan kuromosom X. A cikinsa akwai wani gurbi da haruffa uku, CAG, suke ta maimaituwa, yawanci tsakanin sau 10 da wani abu zuwa 30 da wani abu. Iya tsawon jerin, iya raguwar kaifin makarɓin. Ga mace lissafin ya ƙara cakuɗewa, don X biyu gare ta, kuma kowace ƙwayar halitta tana kashe ɗaya ta bar ɗaya, abin da Mary Lyon ta bayyana tun 1961. Wato ni da Yaya muna iya samun homon daidai wa daida a jini, jikinmu ya amsa daban.

Na ce, to ai gwajin yana da amfani ke nan. Ta girgiza kai. Binciken da aka yi kan tsawon CAG da sha'awar mata ƙanana ne, galibi a kan Turawa, kuma sakamakonsu ya saɓa wa juna. Mutanen Afirka ma a matsakaici jerin nasu ya fi na Turawa gajarta, don haka ma'aunin can ba lallai ya zauna a kanmu ba. Sannan ko an ce miki naki 18 ne ko 26, babu maganin da za a canza saboda haka. Gado yana da hannu, ba a musu. A 2005 masana a asibitin St Thomas na Landan sun tambayi tagwaye mata kusan 4,000, suka samu gado ya ɗauki kashi 34 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mata wajen kaiwa ga biyan buƙata a lokacin saduwa. Ragowar, wajen kashi biyu bisa uku, yana wurin lafiya, gajiya, magunguna da zaman aure, kuma a nan ne likita ke da abin yi.

Ko auna testostiron a jini ba ta yarda in yi ba. Binciken Susan Davis a Ostareliya, shi ma a 2005, a kan mata fiye da 1,000, ya nuna yawansa a jini ba ya bambanta mai ƙarancin sha'awa da wadda ba ta da matsalar. Matsayar da manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya suka fitar a 2019 ita ma ta ce hujjar ba mace testostiron ta tsaya ne ga waɗanda haila ta ɗauke musu kuma ƙarancin sha'awar yana damunsu. Gwajin homon ɗin furolaktin ma ta soke shi daga jerin: mai shayarwa dole nata ya hau, shi ne ke kawo nono, kuma shi ne ke danne istirojin har gaba ta bushe. Ga shi ina kan allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wadda ita ma tana rage istirojin. Abin mamaki, likitar gidan ce da kanta take soke abin da teburin gaba ke tallatawa. Ko masu asibitin sun san haka, oho.

Abu uku ta sa aka duba: yawan jini, suga da homon ɗin tayirod na maƙogwaro. Jinina ya yi ƙasa, sauran lafiya lau. Ta rubuta min maganin ƙarin jini da man santsi mai ruwa, ta ce in daina duk wani matsi, musamman mai alif, don yana busar da wurin ya jawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi. Aya da dabino da kankana kuwa ta ce in ci abina, abinci ne. Mun tattauna komawa na'urar da ake sawa a mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da homon, ta ce in je mu yi shawara da maigida, in ya yarda ma in zo da shi.

Zafin ya tafi cikin ɗan lokaci. Sha'awar tana dawowa sannu-sannu, ba kamar yadda tallarsu ta yi alkawari ba.

Kantin maganinsu akwai tsada. Man da na saya a wurinsu na tarar da shi a kemis ɗin unguwarmu kusan rabin kuɗin, don haka ki karɓi takardar ki saya a waje. Lambar WhatsApp da suka ce ta masu neman ƙarin bayani ce, saƙona yana nan ba a buɗe ba. In za ki je, ki tafi da katin tazarar haihuwarki da kwalayen duk maganin da kike sha, har na gargajiya, don za ta tambaya. Ranar Asabar akwai cunkoso, kuma likitar nan da safe kawai take zama.