Sharhi: Kamfanin da ya kai ni nutso a Mnemba, Zanzibar

Duk wanda ya sauka Nungwi, a arewacin tsibirin Unguja na Zanzibar, ba zai yi taku goma a bakin teku ba sai 'yan kamasho sun tare shi da hotunan kifaye da alkawarin nutso cikin teku da tukunyar iska a farashi mai araha. Mutanen gari suna kiransu papasi. Ban bi ta hannunsu ba, na shiga shagunan masu nutso da ƙafata na yi tambaya, kuma wanda na zaɓa a ƙarshe ya fi na 'yan kamashon tsada sosai. Har yau ban yi nadamar ƙarin kuɗin ba.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne ba su yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Takardar lafiya suka fara miƙo min: ciwon asma, ciwon zuciya, hawan jini, matsalar kunne, tiyata. Sannan matar da ke kan tebur ta tambaye ni ranar da jirgina zai tashi. Dalili kuwa, iskar da mutum ke shaƙa a ƙarƙashin ruwa tana barin sinadarin naitirojin a jiki, kuma hawa jirgin sama kafin ya fita kan jawo ciwo mai haɗari a gaɓoɓi da jijiyoyi. Ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya. A wani shagon da na leƙa kafin nan, babu wanda ya ta da wannan magana, farashi kawai aka yi ta rage min. Wannan ya ishe ni hujjar fita.

Na roƙi a nuna min inda suke cika tukwanen iskar da ake shaƙa a ƙarƙashin ruwa, suka nuna ba tare da ɓata rai ba. Injin yana ɗaki mai tsabta, nesa da hayaƙin janareta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hayaƙin da ya shiga tukunya shi za ka shaƙa a zurfin mita goma. Malamin nutson ya buɗe tukunyata ya ce in sansana: iska mai kyau ba ta da wari. Ya nuna min agogon da ke nuna yawan iska yana kan 200, ya ce da ya sauko 50 tilas mu kama hanyar sama. A cikin jirgin ruwansu akwai kwalbar iskar oksijin ta gaggawa, na gan ta da idona. Malamin kuma yana da katin shaidar PADI, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke ba da lasisin nutso a duniya, SSI ma haka take. Amma ka nemi ganin katin malamin kansa, tambarin da ke jikin bango bai isa ba.

Da yawa daga cikinmu ba mu iya iyo sosai ba, don haka a lura da wannan. Akwai nutson gwaji na sabon shiga, wanda ba ya wuce mita 12 kuma malami na tare da kai. Akwai kuma kwas na lasisin farko, mai ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, wanda ke ba ka damar kaiwa mita 18, amma sai ka yi iyon mita 200 ka kuma tsaya kan ruwa minti goma. Na gwajin na yi. Mun fara a ruwa mara zurfi, inda malamin ya sa na cire abin shaƙar iska daga baki na mayar, na fitar da ruwa daga tabarau, har sai da hannuna ya daina rawa. Mu biyu ne kacal a hannunsa. Da muka fara nutsawa a ruwan Mnemba, wani ƙaramin tsibiri da ke arewa maso gabashin Unguja, sai kunnena na dama ya toshe, na yi masa alama da hannu. Ya riƙe kafaɗata, ya ɗaga ni sama kaɗan, ya jira na toshe hanci na hura a hankali har kunnen ya buɗe. Bai kalli agogon lokaci ko sau ɗaya ba. A ganina wannan haƙurin shi ne ainihin abin da na biya.

Ƙasan kuwa, sai dai a ce tubarkalla. Duwatsun murjani, garken ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi, da wani kunkurun teku da ya wuce mu yana tuƙa hannuwansa ba ruwansa da kowa. An gargaɗe mu kada mu taɓa komai, domin yankin a ƙarƙashin kariya yake, tsibirin kansa ma ba a sauka a kai.

Akwai inda suka gaza. Rigar roba da aka ba ni ta tsufa, zif ɗinta yana cijewa. Jirgin ba shi da wadatacciyar inuwa, ga tafiyar daga Nungwi da ɗan nisa, wanda ya kwana a ƙauyen Matemwe ya fi kusa. Mnemba kuma da hantsi ta cika da jirage, wannan ba laifinsu ba ne, amma da sun fi sammako da an more.

Mata masu son sutura su nemi doguwar riga mai rufe hannu da ƙafa, su kuma tambaya tun kafin biya ko akwai malama mace. Wanda zai je ya kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin damina mai ƙarfi ne, wasu shagunan ma sukan rage aiki. Idan Allah ya sa na koma, wurinsu zan yi kwas ɗin lasisi, sai dai zan fara gyara iyona a gida.