Kwas ɗin bazara a Fulorens: ranar cuku ce ta ɓata min rai

Kwas ne na mako huɗu a watan Yuli a birnin Fulorens na Italiya, kan zane-zane da abinci da harkar kuɗi ta Italiya.  Da wani ya tambaye ni ko ya yi kwas ɗin a ƙarshen mako na biyu, da na ce masa ya rufe ido ya biya. Yanzu kam sai na fara ba shi labarin Larabar mako na uku, domin ranar nan ce aka sa hotonta a gaban takardar talla, ita aka karɓi ƙarin kuɗi a kanta, kuma ita ce aka lalata.

A rubuce, ranar ta zuwa yankin Reggio Emilia ce a ga yadda ake yin cukun Parmigiano Reggiano tun daga madara, sannan a yi darasi a kan yadda cukun ke zama jingina a banki. Bankin Credito Emiliano, wanda aka fi sani da Credem, tun 1953 yake karɓar wannan cuku a matsayin jingina. Dalilin a fili yake: mai gidan cuku yana kashe kuɗin madara da albashi yau, amma doka ba ta yarda ya kira abin da ya yi Parmigiano ba sai ya yi wata 12 a ajiye, kuma mafi yawansa sai ya kai wajen shekara biyu ake sayarwa. Jarinsa na kan kanta yana bushewa. Sai banki ya ajiye cukun a rumbunsa, ya kula da shi, ya ba shi rancen wani kaso na darajarsa, ba duka ba, saboda farashi na hawa da sauka. A duk tsawon kwas ɗin, nan ne kaɗai abinci da kuɗi suke haɗuwa a ɗaki guda ka gan su da idonka.

To, cuku aikin sassafe ne, kuma kowa a yankin ya san haka. Madarar yamma ake shimfiɗawa a manyan farantan ƙarfe ta kwana, mai ya taso a kwashe. Da safe a haɗa ta da sabuwar tatsa a cikin tukunyar jan ƙarfe mai siffar ƙararrawa da aka kifa sama, wadda ke cin wajen lita 1,100. A zuba ruwan cukun jiya da ya yi tsami, a sa sinadarin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi (ba ganyen tumfafiya ba irin wanda Fulani ke daskarar da nono da shi), cikin minti goma zuwa sha biyu madara ta kama. Sai mai aikin ya ɗauki wani dogon maburgi mai kan waya da suke kira spino, ya farfasa ta har ta koma ƙanana kamar tsabar hatsi, a ɗaga zafi zuwa digiri 55, a kashe tururi, a bar ta ta kwanta a gindin tukunya kusan awa guda. Daga nan mutum biyu su cuso ta sama da wani katako mai faɗi, su tare ta da ƙyallen lilin, su raba gida biyu. Tukunya ɗaya cuku biyu ke nan, kowanne ya ci wajen lita 550. Duk wannan, a gidan da aka kai mu, ana farawa bakwai da rabi, kafin goma an gama.

Motarmu an rubuta za ta tashi daga Fulorens takwas da rabi. Tun a nan lissafi ya karye, don ko da ta tashi a kan lokaci, hanyar A1 da ta ratsa duwatsun Apennini ba za ta kai bas can ƙasa da awa biyu ba. Ba ta ma tashi ba sai tara saura minti goma. Aka tsaya shan kofi minti ashirin da biyar a hanya, aka kuma shiga cunkoso a gefen Bolonya. Sha ɗaya da rabi ta wuce muka sauka.

Abin da muka tarar: tukwane shida an wanke su tas suna ɗigar ruwa, wani saurayi sanye da dogon takalmin roba yana fesa ƙasa da tiyo, ƙyallayen lilin a shanye a kan igiya. Cukun ranar sha biyu an riga an sa su a mazubi an jera a kan tebur, suna tsiyayar da ruwa a hankali. Matar da ke karɓar baƙi ta ce tun takwas saura kwata take jiranmu, haka suka saba gaya wa duk mai kawo ɗalibai. Ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani. Ta ɗauko spino ta juya shi a cikin tukunyar da babu komai, ta nuna mana kwamin ruwan gishiri inda cuku ke yin kusan mako uku, ta shigar da mu rumbunsu mai kantoci har rufi, ta ƙwanƙwasa cuku ɗaya da ƙaramar guduma don mu ji sautin mai lafiya. Ta yi bayanin cewa a wata na 12 ne masu bincike ke zuwa su bubbuga kowanne, wanda ya ci jarrabawa a ɗana masa tambari da wuta, wanda ke da rami ko tsaga a ciki a kankare rubutun da ke jikin ɓawonsa ya fita daga sunan. Wannan ya yi amfani. Amma minti arba'in ne kacal, sannan aka tura mu shagon gidan. Darasin jingina da aka yi alkawari kuwa, a cikin mota aka yi shi da makirufo mai yankewa, muna hanyar komawa, rabin mutane na barci.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gyaran bai da wuya. A tashi biyar da kwata na asuba. Ko a kwana a Reggio ko Parma daren Talata, wanda shi ne ya fi, tunda jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Santa Maria Novella zuwa Bolonya bai kai minti arba'in ba, daga can kuma tafiyar ba ta da nisa. Duk wanda ya taɓa kai mutane gidan cuku sau ɗaya ya san wannan. Na rubuta wa ofishinsu a daren. Amsar ta zo bayan kwana huɗu, layi uku, cewa an kai mu wurin kamar yadda aka tsara, cunkoson hanya kuma ba a hannunsu yake ba. Na mayar musu da hoton jadawalinsu da ke nuna takwas da rabi, na ce ko titi ya zama fayau ba za mu riski aikin ba. Shiru.

Duk da haka ba zan ci haƙƙin malamin da ya koyar da ɓangaren kuɗi ba, domin shi ya riƙe kwas ɗin. Bai yarda a kalli zane ba tare da an tambayi wa ya biya, da wane kuɗi, don me ba. A majami'ar Santa Croce ya tsayar da mu gaban ɗakunan ibada na gidan Bardi da gidan Peruzzi, waɗanda Giotto ya yi wa zanen bango, ya ce ga manyan bankunan Turai na zamaninsu, dukansu sun durƙushe a shekarun 1340, kuma bashin Sarki Edward na III na Ingila na cikin abin da ya kayar da su. Ya kawo kwaikwayon florin, sulen zinariya mai nauyin wajen giram 3.5 da Fulorens ta fara bugawa a 1252, ya tuna mana cewa zinariya mai yawa da ta shiga Italiya a lokacin daga Afirka ta Yamma ta fito, ta ratsa Sahara.

Darasinsa na takardar musaya ne ba zan manta ba, wataƙila don matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Coci ta haramta bashi da ruwa, to ta yaya bankin Medici, wanda Giovanni di Bicci ya kafa a 1397, ya yi ta samun riba? Ya rubuta misali a allo. Ɗan kasuwa ya karɓi florin 100 daga bankin a Fulorens, ya rubuta takarda cewa wakilinsa zai biya a Landan bayan wata uku a kan kwabon Ingila 40 kowane florin, wato kwabo 4,000. Reshen Landan ya karɓa, ya ba wani ɗan kasuwan da zai biya a Fulorens bayan wata uku, amma a can ana lissafin florin a kan kwabo 38. Kuɗi ya dawo gida ya zama florin 105 da 'yan kai. Babu inda aka rubuta ruwa, canji aka yi sau biyu, kuma malaman coci da yawa sun ƙyale shi saboda farashin canji na iya juyawa banki ya yi asara. Kashegari ya kai mu San Marco, gidan ruhubanawan da Cosimo de' Medici ya sake ginawa da aljihunsa, muka leƙa ƙananan ɗakunan da Fra Angelico ya zana, har da wanda Cosimo ya keɓe wa kansa. Ya bar mu muka yi muhawara ko taƙawa ce, ko tsoron hisabi, ko neman suna. Awa biyu muka yi ba wanda ya duba waya.

Prato ma ta yi kyau ƙwarai, kuma tafiyar ba ta kai rabin awa ba a ƙaramin jirgi. Gidan Francesco Datini, ɗan kasuwan da ya rasu a 1410 ya bar dukiyarsa ga talakawan garin, yana ɗauke da wasiƙunsa wajen 150,000 da ɗaruruwan kundayen lissafi. An buɗe mana ɗaya a kan matashi, ba a taɓawa. Ga bashi a gefe, ga biya a ɗaya gefen, kowace shiga an rubuta ta sau biyu, shekara kusan ɗari kafin Luca Pacioli ya buga bayanin tsarin a Benis a 1494. A saman shafi an rubuta da sunan Allah da na riba. Ranar nan na ce kuɗina ya fita.

Su gidan adana zane-zane na Uffizi, da mutum-mutumin David na Michelangelo da ke gidan Accademia, da hawa matakala 463 na ƙubbar babbar majami'ar gari da Brunelleschi ya gina, an yi su lafiya, tikiti na hannu, ba mu tsaya dogon layi ba. Ku dai tuna Uffizi da Accademia ba sa buɗewa ranar Litinin, idan kuna son komawa ku kaɗai.

Amma da na zo rubuta ɓangaren abinci sai ran ya sake ɓaci, don sakacin da ya kashe ranar cuku shi ne a nan ma. Tun kafin tafiya sun aiko fom, na cike cewa ba na cin alade, ba na shan giya. Fom ɗin bai isa hannun kowane mai girki ba. A ranar cukun kanta, abincin rana da aka riga aka biya faranti ne na naman alade busasshe da gnocco fritto, wani soyayyen ƙulli da a yankin ake soyawa da kitsen alade. Mu uku muka ci cuku da tumatir. A ajin girkin taliya kuwa malamar ta iya aikinta: giram 100 na fulawa ga ƙwai ɗaya, a murza minti goma har ya yi sulɓi, a rufe shi ya huta rabin awa, in ba haka ba yana ja da baya in ana miƙar da shi, a murza shi sirara har ka hango inuwar yatsunka ta ciki. Sai ga miyar da za a ci da shi an riga an dafa da naman alade da jan giya. Da ta ji, nan take ta narka man shanu da ganyen salvia ta haɗa mana, ta kuma yi ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

Don haka ku kula da kanku, kada ku dogara da fom. Kalmar da za ku riƙe ita ce strutto, kitsen alade, domin yana shiga burodi da kayan fulawa inda ba za ku zata ba, musamman a Emilia-Romagna. Ku tambayi ragù (miyar nama) da risotto (dafaffiyar shinkafa) ko an sa giya, haka ma kayan zaƙin tiramisu. Burodin Toskana marar gishiri da miyar ribollita da pappa al pomodoro da panzanella yawanci kayan lambu ne da man zaitun, sai dai ribollita a tambaya ko an sa ƙashi ko fatar alade a romon. Wanda ke taka-tsantsan da sinadarin tumbin maraƙi ya sani yana cikin kowane Parmigiano na asali.

Masauki ma ba a faɗi gaskiyarsa duka ba. An ce tsohon gida a tsakiyar gari, haka ne, amma hawa na huɗu ne babu lif, babu na'urar sanyaya ɗaki, ga Yuli a Fulorens zafi na haura digiri 35, ga sauro, tagogi babu raga. Magariba sai wajen tara na dare, don haka liyafar cin abincin da suke sawa takwas tana cin lokacin salla, ku san yadda za ku tsara.

Da na so ba su huɗu cikin biyar saboda malamin nan da Prato. Na koma uku, kuma da na sake karanta amsarsu mai layi uku sai na ga biyu da rabi ya fi dacewa. Wanda zai je bana, kafin ya tura ko sisi, ya nemi a rubuto masa ƙarfe nawa mota za ta tashi ranar gidan cuku. In ya ga wani abu bayan shida na safe kuma babu kwana a can, ya ce a cire kuɗin ranar, ya shirya tasa ziyarar da kansa ranar Asabar, tunda gidajen cuku kullum suke aiki, shanu ba sa hutun mako. Ya kuma tambaya ko malamin kuɗin na bara ne zai dawo. Takardar sakamakona ta iso bayan mako shida. Wasiƙata ta uku kan kuɗin Larabar nan tana wurinsu tun Satumba.